Bulus Tafinta da Zango Na Uku

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Bulus Tafinta makwancinsa, kuma har yau ban yafe wa zango na uku ba. Ni mutum ne mai yafiya, ku tambayi duk kasuwar Kafanchan. Na yafe wa wanda ya sace min akuya ana gobe sunan ɗana. Na yafe wa mai cire haƙorin da ya zare min mai lafiya ya bar min ruɓaɓɓen. Amma mutanen nan da suka zauna a ƙasarsu mai sanyi, suka ci suka ƙoshi, suka shirya zango na uku na wasan Jirgin Dogo, su kam mu haɗu a gaban Allah kawai.

Na san yaran yanzu ba su san me nake faɗa ba, to bari in fara daga tushe. A ƙarshen shekarun tamanin, duk layinmu talabijin ɗaya ce, baƙi da fari, tana shagon Bulus. Shi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya koma gyaran rediyo, ni kuma ina sayar da batir da tocila a rumfar da ke jikin tasa. Eriyarsa na kan wata gora mai tsawon da in hadari ya taso sai ya kauce mata. Kowace Lahadi bayan la'asar sai wani ya fita ya rungumi gorar yana juya ta wajen Jos, na ciki suna ihu, "Ƙara! Ƙara! Dawo! Tsaya nan, kar ka yi numfashi!" Da hoto ya zauna sai wasan ya fara.

Sunansa na Turanci ba wanda ya taɓa iya faɗa, mu Jirgin Dogo muke ce masa. Jirgi ne mai kama da murfin tukunya, yana yawo tsakanin taurari. Direbansa wani Bature ne mai tsawo wanda ba ya dariya, shi ne Dogo. Akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai taya uku da muka sa wa suna Garwa, don ba shi da maraba da garwar kananzir. Abokan gaba kuwa Masu Kan Kabewa ne, ba sai na yi bayanin kamanninsu ba. Zango na ɗaya da na biyu, wallahi ko tuwo aka ajiye maka sai ya huce. Kowane mako jirgi zai tashi, a yi harbi da wuta, duniya guda ta fashe kamar ƙwai, Dogo ya gyara wuyan rigarsa ya wuce.

To, Turancin da suke yi ta hanci ne, ba irin na makaranta ba, don haka sai da tafinta. Bulus dama shi ke fassara wa baƙon fasto wa'azi a majami'arsu, sai ya kwaso aikin gaba ɗaya ya kawo shago. Zai tsaya gefen talabijin da sukudireba a hannu yana nuni, Dogo ya yi magana shi ya juya mana. Hausarsa irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji. "Dogo ta ce a buɗe wuta! Matar nan ya ce ba mai!" Ina yi masa tsiya in ce, Bulus, ka aurar da Dogo ne ba mu ji ba? Ya ce, "Sani, ka rufe baki, kai ko yes ba ka sani." In an ci nasara kuwa sai ya manta inda yake ya ɗaga hannu ya ce Haleluya, mu kuma mu ce Allahu Akbar, a wuce wurin.

Akwai abin da ya sa bencin da muke zama a shagon nan ya fi ƙarfin kallo. Lokacin ba a daɗe da rikicin da ya tsaga garinmu gida biyu ba, Musulmi gefe, Kirista gefe. Ba zan tona shi a nan ba, waɗanda suka gani ba sa buƙatar tuni. Abin da zan faɗa shi ne, mutanen da suka tashi tare sun koma in sun hango juna sai kowa ya tuna ya yi mantuwa a gida. Alhaji Mamman mai citta, wanda kakansa ma a kasuwar nan ya yi ciniki, da Dattijo Yakubu, manomi daga wajen Madakiya kuma dattijon majami'a, shekara da shekaru ɗaya na nomawa ɗaya na saye. Bayan abin nan suka daina ko gaisawa. Amma dukansu biyu Jirgin Dogo ya kama su, talabijin kuma ɗaya ce. Sai ga su a benci guda, wannan a wancan ƙarshe, wancan a wannan ƙarshe, an bar fili a tsakiya da mota za ta iya juyawa.

Maganar farko da ta shiga tsakaninsu, ina wurin, a kan Garwa ce. Yakubu ya ce Garwa yana da rai tunda yana jin tausayi. Alhaji ya kasa haƙuri ya ce, "Haba Dattijo, gwangwani ne fa! In yana da rai me yake ci?" Suka yi ta musu har aka kira magariba. Muka tafi salla, muka dawo muka tarar Yakubu ya ɗora hularsa a wurin Alhaji kar wani ya zauna. Daga ranar ya zama ƙa'ida: in kiran salla ya riski wasa, su tsare mana wuri, mu dawo Bulus ya ba mu abin da ya wuce.

Ana haka zango na uku ya iso. Mun yi wata da watanni muna jira. Mama Ladi, matar Bulus, ta dama kunun zaƙi tulu guda. Aka juya gora, hoto ya zauna. Minti goma da farawa, Dogo ya taka cikin wani rami mai haske ya ɓace. Shi ke nan. Ba gawa, ba jana'iza, ba wanda ya ko share hawaye. Sai ga wani saurayi da gashi ya sha mai kamar an tsoma kansa a kaskon ƙosai, ya zo ya zauna a kujerar Dogo ya harɗe ƙafa. Nan take muka raɗa masa Mai Man Gashi.

Muka ce bari mu ga mako mai zuwa. Mako mai zuwa jirgi ya sauka a wata duniya, kuma wallahi duniyar nan ba ta da bambanci da ramin da ake tonon ƙasar bulo a hanyar Kagoro. Ya sauka bai ƙara tashi ba. Jirgin da muka sani yana tsallake rana kamar kwata, ya koma ɗakin haya. Mutanen ciki kuma suka kama taro. Su zauna a tebur su yi magana, su tashi su koma wani tebur su yi magana. Garwa, jarumin da ya taɓa fasa ƙofar ƙarfe da kai, aka ɗaura masa ƙyalle a gaba yana raba shayi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da aka gayyaci Masu Kan Kabewa cin abinci. Mutanen da muka yi shekara biyu muna tsine wa, ga su da cokali mai yatsu suna murmushi. Na tofar da yawu har sai da Mama Ladi ta ce in fita waje in ƙarasa.

Ra'ayin 'yan benci kuwa, da za a rubuta shi a aika musu, da takardar ta kama wuta a hanya. Alhaji ya ce wannan ba jirgi ba ne, tashar mota ce da ba fasinja. Yakubu ya ce taron kwamitin gyaran rufin majami'arsu ya fi wannan motsi, don a can aƙalla ana buga tebur. Wani mahauci ya ce a kawo masa Mai Man Gashi ya matse kansa ya soya nama. Wata tsohuwa 'yar Nok da ke zuwa wurin 'yarta ta zo har shago ta yi wa Bulus gaisuwar Dogo, ta ce Ubangiji ya ba da haƙuri, mutumin kirki ba ya daɗewa. Bulus ya karɓi gaisuwar da hannu biyu.

Dariya dai ake yi, amma benci na ramewa. Da sai ka zo da wuri kake samun wurin tsayuwa a bakin taga. Cikin 'yan makonni muka koma ana iya kwanciya a miƙe ƙafa. Alhaji ya fara cewa yana da lodi a Kachia ranar Lahadi. Yakubu ya ce gwiwa ta hana shi hawa keke. Ni ma da rumfata ba jikin shagon take ba, da tuni na gudu.

Sai wata Lahadi, ana tsakiyar wani taron nasu, Mai Man Gashi ya sunkuya ya yi wa wata mata raɗa. Bulus ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi. "Kun ji? Kun ji abin da ta faɗa? Ta ce Dogo bai mutu ba! Yana ɗaure a ƙarƙashin ƙasan nan, shi ya sa jirgi ba ya tashi! Shi wannan Mai Man Gashin da kansa ne ya sayar da shi wa Masu Kan Kabewa!" Mu biyar ne a wurin, amma ihun da muka yi sai da karnukan layi suka amsa. Kafin Talata labari ya kai Zonkwa. Lahadi ta gaba Alhaji ya manta da lodin Kachia, gwiwar Yakubu ta warke, har kan katanga mutane.

Daga nan zango na uku ya zama wani abu dabam. Duk taron da suka zauna, makirci ne. In Garwa ya miƙa shayi, saƙon Dogo ne a ƙarƙashin kofin. In Mai Kan Kabewa ya yi murmushi, guba ya zuba. Hoton bai canza ba, ramin bulo ne da tebur, amma mutane na riƙe numfashi.

Ni ɗan kasuwa ne, an daɗe ana gwada min wayo. Na lura Bature zai buɗe baki ya ce kalma ɗaya tak ya rufe, Bulus ya kwashe minti uku yana fassara ta, har da sunan kakan mutum. Ranar Litinin na same shi yana like wayar wata rediyo, na ce, "Bulus, tsakaninka da Allah, wannan Turancin da kake juya mana, a cikin talabijin yake ko a cikin cikinka?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Sani, jiya su wa ka gani a benci?" Na ce kowa da kowa. Ya ce, "Alhaji da Dattijo fa, a ina suka zauna?" Na ce kafaɗa da kafaɗa, har Alhaji na cin gyaɗar Dattijo. Ya ajiye ƙarfen likin ya dube ni. "To in sun daina zuwa nan, a ina za su sake zama? Ka faɗa min wurin, in daina." Na duba garin nan kaf a cikin kaina ban samu wurin ba. Na ce masa to aƙalla ka rage tsawo, kana ba da mu.

Asiri ya zauna lafiya har aka turo Tica Yohana sakandaren garin. Mutum ne mai biro uku a aljihu, ya yi karatu a Zariya, in ka ce masa sannu sai ya gyara maka ita. Wani ya ja shi kallo. Makon farko ya zauna yana motsa baki. Mako na biyu, daidai lokacin da Bulus ke cewa Garwa ya gano ƙofar kurkukun Dogo, Tica ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni, amma ƙarya wannan mutumin yake muku. Tun da na zauna ba a ambaci Dogo ko sau ɗaya ba. Ba kurkuku, ba guba, ba komai."

 Bulus ya tsaya da sukudireba a sama. Ni kuwa na san garinmu. A lokacin ƙaramar magana ce ke zama babba. Ya isa wani ya ce dama haka suke, sun mai da mu wawaye, shi ke nan benci ya tashi, kuma ba zai sake haɗuwa ba. Na ga fuskar Alhaji ta ɗaure. Na ga mahaucin nan ya fara naɗe hannun riga.

Dattijo Yakubu ne ya yi gyaran murya ya ce, "To Tica, tunda kai ka ji, faɗa mana me suke cewa." Tica ya gyara tsayuwa, ya kasa kunne, ya fara aiki tsakani da Allah. Ya ce wannan yana cewa matatar ruwan jirgi ta toshe. Waccan ta ce ba aikinta ba ne, aikin sashen gyara ne. Wannan ya ce a kafa kwamiti. Waccan ta ce a ɗage zama zuwa gobe. Minti biyar cur muna sauraron maganar matatar ruwa.  Ashe abin da ke bayan tebur ɗin nan ke nan. Ashe ƙazantar ta fi yadda muka zata tun farko.

Alhaji Mamman ya tashi. Ya tattara babbar rigarsa, ya ratsa mutane ya nufi talabijin, kowa na jira ya ga ko zai kife ta ne ko zai kife Bulus. Ya sa yatsa biyu ya murɗa maɓallin murya har ƙasa. Turawa suka ci gaba da motsa baki kamar kifi. Ya juyo ya ce, "Tica, mun gode, Allah ya ƙara ilimi. Zauna." Sannan ya dubi Bulus. "Kai kuma ɗan banza, maƙaryaci, ci gaba. Garwa ya gano ƙofa, sai me ya faru?" Yakubu ya ce, "Kuma ka yi sauri, an kusa kira musu salla."

Haka aka ƙarasa zangon, hoto nasu, magana tamu. Tunda kowa ya san inda labari ke fitowa, sai aka fara kai wa Bulus buƙata a cikin mako. Mahauci ya ce lallai a mari Mai Man Gashi. Mama Ladi ta ce in ba a cire wa Garwa ƙyallen nan ba, ba tuwo. Ranar kashi na ƙarshe, ana minti goma da farawa aka ɗauke wuta. Ba wanda ya motsa. Bulus ya tsaya gefen baƙin gilashi, rana na shigowa ta taga, ya fasa ƙasa ya fito da Dogo, ya sa Garwa ya tuttura Masu Kan Kabewa cikin ramin, ya ɗaure Mai Man Gashi a bayan jirgi, jirgi ya tashi. Mutane suka miƙe tsaye suna ihu ga talabijin da ba ta aiki. Da aka lafa sai muka ji wata murya daga baya tana tambaya ko Garwa ya tsira. Tica ne.

Yanzu nakan zauna in ce da Bulus zai leƙo ya ga yadda ake kallo a yau, me zai ce? Kowa da talabijin ɗinsa a tafin hannu, ya toshe kunne da waya, yana dariya shi kaɗai kamar mai taɓin hankali. Gida ɗaya mutum shida, wasa shida, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke gani. In zango bai yi musu daɗi ba sai su hau waya su zagi uwar wanda ba su taɓa gani ba, don ya ce shi ya yi masa daɗi. Mu ma mun yi zagi, har mun fi su iyawa, amma wanda ka zaga yana gefenka, kuma gyaɗarsa kake ci. Na san abin da Bulus zai fara tambaya: to in an kira salla, wa ke tsare wa wani wuri?

Bara 'yata da ke aikin jinya a Kaduna ta zo hutu, ta ce Baba na samo maka wasan nan da kake damun mu da shi, har da launi. Ta kunna min kashi na ƙarshe na zango na uku, tana juya min da Hausa. Jama'a, Dogo bai dawo ba. Jirgi bai tashi ba. An gyara matatar ruwa, aka yi tafi, aka rubuta sunaye. Launin ma ƙara tona musu asiri ya yi, don kan kabewar roba ce, har ɗinkin ana gani. Na miƙa mata wayarta na ce ta wanke ta da sabulu.

Shagon Bulus yanzu cajin waya ake yi a ciki. Gorar ta daɗe da zama itacen girki. Ba titi da sunansa, ba ko lungu, kuma in ka tambayi masu zaman wurin wane ne Bulus Tafinta sai su ce ko ɗan ƙwallo ne. Wannan ma yana cikin abin da ke tayar min da zuciya. Amma ranar da aka binne shi na ga abin da ya bari. Mu Musulmin layi muka je muka cika rumfar da aka kafa a ƙofar majami'a. Alhaji ya makara, don daga Kachia ya taho, wuri ya cika maƙil. Yana isowa Yakubu ya ɗaga hularsa daga kan kujerar da ke gefensa. Su biyun sun bi Bulus tuni, kuma har suka tafi citta ɗaya suke ci.

Bencin yana nan a tsakar gidan Mama Ladi, tana shanya barkono a kai. Nakan je gaishe ta, in ture barkonon in zauna. Ta ce min, "Sani, har yanzu kana fushi da Turawan nan?" In ce har gobe. Saboda haka duk wanda ya zo min da waya yana cewa wai Dogo bai dawo ba, ya riƙe abinsa, jabu aka sayar masa. Na gaskiyar ni na kalle shi da idona, a baƙin gilashi, ranar da ba wuta.